Tarihin Maɓallin Start: An Cire Shi, Duniya Ta Yi Ca, An Mayar da Shi

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, domin masu son karantawa da kuma waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauti ba.

Akwai wani saƙo da kowa a cikinmu ya sani. Kana tsaka da aiki, ko kana kallon wani abu a waya, sai ya faɗo maka: akwai sabuwar manhaja, a sauke yanzu ko sai anjima? Yawancinmu anjima muke dannawa. Gobe ya dawo, mu sake cewa anjima. Wani ma shekara biyu ya yi yana wannan anjimar. Idan ka tambaye shi dalili zai ce yana tsoron wayar ta yi nauyi, ko batir ya riƙa zuƙewa, ko ya wayi gari ya rasa inda aka kai masa abubuwansa. To wannan tsoron yana da tarihi, kuma ana iya bin mafi yawan tarihin ta kan ɗan maɓalli guda ɗaya da ke zaune a kusurwar hagu ta ƙasan fuskar kwamfuta, wato maɓallin Start na Windows.

Mu koma farkon shekarun 1990. A lokacin Windows 3.1 ake yayi, kuma babu wani Start a cikinsa. Idan ka kunna kwamfuta wani abu ne ke tarbarka mai suna Program Manager, akwati cikin akwati, taga a kan taga. Mutum zai buɗe manhaja, wata tagar ta hau kanta ta rufe ta, sai ya ɗauka ta tafi, ya sake buɗe wata, har kwamfutar ta gaji. Kamfanin Microsoft ya riƙa kawo mutane ɗakin gwaji yana kallon yadda suke fama, sai ya ga har masu ilimi mai zurfi suna zama su yi shiru sun rasa ta inda za su fara. Wani ma'aikacinsu mai suna Danny Oran, wanda ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta, shi ya kawo shawarar a yi maɓalli ɗaya tak wanda duk abin da kake nema za ka same shi a ƙarƙashinsa. Da farko sun rubuta masa System, mutane suka riƙa kauce masa, don kalmar ta yi kama da wurin injiniyoyi, inda idan ka taɓa za ka ɓata wani abu. Da aka canza rubutun zuwa Start, wato fara, sai hannun kowa ya tafi can da kansa.

Ranar 24 ga Agusta 1995 aka fitar da Windows 95, kuma an yi bikin da ba a taɓa yi wa wata manhaja ba. Shaguna sun buɗe da tsakar dare, mutane sun yi layi. An haska dogon benen Empire State na birnin New York da launukan kamfanin. A Landan, Microsoft ya biya kuɗin jaridar The Times ta ranar aka raba ta kyauta. An yi ta zolaya cewa wannan wace irin na'ura ce da sai ka danna "fara" kafin ka kashe ta, amma zolayar ba ta hana komai ba.

Ku riƙe wani abu ɗaya daga wannan shekarar, don za mu dawo kansa. Microsoft bai jefar da Program Manager ba. Ya bar shi a cikin Windows 95, a ɓoye, ga duk wanda ya ce shi tsohon ya saba da shi. An gina sabon gida amma an bar ƙofar baya a buɗe.

Haka aka yi a watan Oktoba 2001 da Windows XP ya fito. Yanzu idan ana maganar XP sai ka ji kamar ana tuna wani dattijon arziki, amma lokacin da ya fito dariya aka yi masa. Shuɗi shar, Start ɗinsa kore, ga hoton tudu mai ciyawa a baya. Ƙwararru suka ce wannan ai kayan wasan yara ne, har suna kiransa da sunan Fisher-Price, kamfanin da ke ƙera wa jarirai kayan wasa. To amma duk wanda launin ya dame shi, dannawa biyu ko uku zai yi ya koma tsohuwar fuska mai ruwan toka. Da yawa sun yi hakan, suka zauna lafiya, daga baya kuma a hankali suka saba da sabon. XP ya yi sama da shekara biyar babu magaji, ya shiga ofis, ya shiga banki, ya shiga asibiti. Waɗanda suka fara taɓa kwamfuta a kafe a Kano ko Kaduna ko Zariya a shekarun 2000, suna biyan kuɗin awa don buɗe imel, galibinsu wannan koren tudun ne ya fara yi musu maraba.

Sai Vista a watan Janairu 2007. Shi matsalarsa ba ta fuska kaɗai ba ce. Yana da kyau a ido, tagoginsa kamar gilashi, amma nauyi gare shi. Kwamfutocin da aka sayar da tambarin cewa za su iya ɗaukarsa suka riƙa jan ƙafa, har sai da maganar ta kai kotu a Amurka. Firinta da yawa suka daina aiki saboda masu ƙera su ba su shirya ba. Ga kuma wani mai gadi da aka sa a ciki, duk abin da za ka yi sai ya dushe maka fuskar kwamfuta ya tambaye ka: ka yarda ko ba ka yarda ba? Niyyar mai kyau ce, don tsaro aka yi shi, amma tambayar ta yi yawa har mutane suka koma danna "na yarda" ba tare da sun karanta ba. Cikin watanni uku kamfanin Dell ya dawo da sayar da kwamfuta mai XP saboda matsin masu saye. A 2008 mujallar InfoWorld ta buɗe takardar koke cewa a bar XP da rai, mutum sama da 200,000 suka sa hannu.

A shekarar ce Microsoft ya yi wata dabara mai ban dariya. Ya tara mutanen da suka ce ba sa son Vista alhali ba su taɓa amfani da shi ba, ya nuna musu wani "sabon Windows" mai suna Mojave. Suka yaba, suka ce wannan ya yi. Sai aka ce musu ai Vista ne. Kamfanin ya yi talla da wannan, yana nufin ku ga, jita-jita ce kawai. Amma minti goma a kan kwamfutar da ƙwararre ya shirya daban yake da wata shida a kan taka kwamfutar da firintarka ta ƙi aiki. Abin da ya wanke su shi ne Windows 7 a watan Oktoba 2009, wanda a ƙarƙashi Vista ne aka gyara aka rage masa nauyi da surutu. Lambar cikin Vista 6.0 ce, ta Windows 7 kuma 6.1. Jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Yanzu mun zo kan babbar rigimar.

A 2010 Apple ya fitar da iPad, kuma ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Wayoyin shafawa suna ta yaɗuwa, cinikin kwamfuta ya fara tsayawa. Hankalin Microsoft ya tashi, ya ga idan duniya ta koma shafa gilashi da yatsa, Windows da aka gina don linzami da allon rubutu zai zama tarihi. Shugaban sashen Windows na lokacin, Steven Sinofsky, da mutanensa suka yanke shawarar yin manhaja ɗaya da za ta hau kwamfutar tebur, ta hau laftof, ta hau ta hannu. Ranar 26 ga Oktoba 2012 Windows 8 ya fito.

Ka kunna kwamfuta, maimakon fuskar da ka sani shekara 17, sai ka ga manyan akwatuna masu launi sun cika ko'ina kamar tayil ɗin ɗaki, wasu suna motsi suna juyawa. Idan ka lallaɓa ka isa tsohuwar fuskar, ka duba kusurwar hagu ta ƙasa, babu komai. An cire Start. Abubuwan da kake buƙata an ɓoye su a kusurwoyi, sai ka kai linzami can ka ɗan jira sannan su leƙo, kuma babu wata alama da ke gaya maka suna nan. Kashe kwamfutar ma ya zama aiki: ka je gefen dama, ka jira wani layi mai suna Charms ya fito, ka shiga saituna, sannan ka ga wurin kashewa. Mutanen da suka shekara goma suna koya wa wasu kwamfuta suka koma tambayar intanet yadda ake kashe ta.

Tun kafin fitowarsa alamu sun nuna. A watan Maris 2012 wani mai sharhin fasaha, Chris Pirillo, ya zaunar da mahaifinsa a gaban samfurin gwaji ya ɗauki bidiyo. Dattijon ya shiga tsohuwar fuska, ya nemi hanyar komawa ya rasa, ya yi ta yawo da linzami minti bayan minti, daga ƙarshe ya tambaya ko so ake a kore shi ya koma kwamfutar Apple. Bidiyon ya zaga duniya. Bayan fitowar manhajar, Jakob Nielsen, wanda ya yi suna wajen nazarin sauƙin amfani da na'ura, ya gwada ta da mutane ya ce ta ba sababbin shiga kunya, ta ba ƙwararru kunya. Har ya yi ba'a cewa tunda sababbin manhajojin taga ɗaya suke cika fuska da ita, kamata ya yi a cire harafin jam'i daga sunan, a kira shi taga ɗaya kawai.

To me ya sa kamfani mai dubban injiniyoyi ya yi haka? Hujjarsu ita ce alƙaluma. Kwamfutoci da yawa suna aika wa kamfanin rahoton yadda ake amfani da su, idan mai ita ya amince. Rahoton ya nuna cewa a Windows 7 mutane sun rage buɗe Start, saboda suna liƙa manhajojin da suka fi so a layin ƙasa. Sai aka ce to tunda an rage shiga, a rushe. A ganina nan ne lissafin ya karkace. Rage shiga wuri daban, rashin buƙatarsa daban. Ba kullum kake buɗe akwatin da takardun makarantarka suke ba, amma ranar da ka zo ka tarar an ɗauke shi ba za ka yi barci ba. Start shi ne wurin da mutum ke komawa idan ya ɓace. Kuma masu suka sun ƙara da cewa ƙwararrun da suka fi kowa amfani da kwamfuta su ne suka fi kashe wannan aika rahoton, don haka muryarsu ba ta shiga lissafin ba.

Babban abin kuma shi ne ƙofar bayan nan da muka ce ku riƙe. A 1995 an bar ta, a 2001 an bar ta. A 2012 an toshe ta da gangan. Babu wani saiti da zai mayar maka da Start, babu wanda zai sa kwamfutar ta buɗe kai tsaye a tsohuwar fuska. Ana cewa sabo turken wawa, amma a gaban kwamfuta sabo jari ne. Akawun da ya shekara goma hannunsa yana zuwa wuri ɗaya ba tare da ya yi tunani ba, wannan saurin shi ne abincinsa. Ranar da aka sauya masa wurin komai, an mayar da shi ɗan koyo, kuma babu wanda zai biya shi lokacin da zai ɓata.

Sai kasuwa ta buɗe. Kamfanin Stardock ya fitar da wata ƙaramar manhaja mai suna Start8, kusan dala 5, aikinta kawai ta dawo maka da maɓallin. Wata mai suna Classic Shell kyauta take, aka yi ta sauke ta. Ka duba fa, mutum ya sayi sabuwar kwamfuta da kuɗinsa, sannan ya ƙara kuɗi don a mayar masa da ita kamar tsohuwa. Lenovo, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera kwamfuta a duniya, ya koma sa irin wannan manhajar a cikin kwamfutocinsa tun daga masana'anta. HP kuma a farkon 2014 ya fito da tallan cewa ya dawo da Windows 7 saboda jama'a sun nema.

Sinofsky ya bar kamfanin ranar 12 ga Nuwamba 2012, ko sati uku ba a yi da fitowar manhajar ba, kodayake rahotannin lokacin sun fi danganta tafiyarsa da rashin jituwa da sauran shugabanni. A watan Afrilu 2013 kamfanin bincike na IDC ya ce cinikin kwamfuta a duniya ya faɗi da kusan kashi 14 cikin 100 a watanni ukun farko na shekarar, faɗuwa mafi muni tun da suka fara ƙirga, kuma ya ɗora wa Windows 8 wani ɓangare na laifin. A watan Oktoba 2013 aka fitar da Windows 8.1, maɓallin ya dawo, amma idan ka danna shi tayil ɗin nan dai zai kai ka. An ba mutane ƙofa, an hana su ɗakin.

A daidai wannan lokacin masu iPhone ma suna nasu. Kwana uku bayan fitowar Windows 8, Apple ya sanar da tafiyar Scott Forstall, wanda ke riƙe da manhajar iPhone, aka miƙa fasalin fuskarta ga Jony Ive. Kafin nan komai a iPhone yana kwaikwayon abin duniya ne: wurin rubutu kamar takarda mai layi ruwan ɗorawa, wurin littattafai kamar kantar katako. A watan Satumba 2013 iOS 7 ya share duk wannan, ya kawo fuska fara fat, siraran haruffa, launuka masu kashe ido. Wasu suka ce ba sa iya karanta rubutun, wasu suka ce yadda abubuwa ke zuƙowa suna komawa yana sa su jiri da tashin zuciya, har sai da Apple ya inganta saitin rage motsin bayan wata guda. Masu iPhone 4 kuwa wayarsu ta koma tafiyar hawainiya. Duk da haka cikin kwanaki kaɗan Apple ya ce na'urori sama da miliyan 200 sun hau sabon. Kar wannan adadin ya ruɗe ku a ce kowa so yake. A iPhone, da zarar ka hau, bayan 'yan kwanaki kamfanin yana rufe hanyar komawa tsohon. Wanda ya yi nadama sai dai ya yi haƙuri.

Mu dawo Microsoft. An samu sabon shugaba, Satya Nadella, a watan Fabrairu 2014. Ranar 29 ga Yuli 2015 Windows 10 ya fito, an tsallake lamba 9, kuma Start na gaskiya ya dawo, da jerinsa da komai. Aka ce kyauta ne na shekara guda ga masu Windows 7 da 8.1. Da a nan aka tsaya da labarin ya ƙare da daɗi.

Amma kamfanin ya sa wa kansa burin na'ura biliyan ɗaya cikin shekara biyu zuwa uku, mutane kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Da yawa suka ce Windows 7 ya ishe su. Sai aka fara matsi. Wani ɗan tambari ya bayyana a ƙasan kwamfutoci yana ta tuni. Aka gano cewa kwamfutoci suna sauke fayilolin Windows 10 a ɓoye, gigabait uku zuwa shida, ko mai ita bai nema ba. Wanda ke da intanet mara iyaka bai ji komai ba, amma ka tuna mai sayen data da awo, ya wayi gari ta ƙare bai san inda ta tafi ba. A watan Afrilu 2016 wata mai gabatar da hasashen yanayi a wani gidan talabijin na jihar Iowa tana tsaka da bayani kai tsaye, saƙon ya faɗo ya rufe taswirar a gaban masu kallo.

Mafi muni ya zo a watan Mayu 2016. Kowa ya san jan maɓallin nan mai alamar X a saman taga, ma'anarsa rufe, ba na so. Sai aka sauya saƙon ta yadda idan ka danna X, kwamfutar za ta ɗauka ka amince da lokacin da aka tsayar maka. Mutane suka kwanta da Windows 7 suka tashi da Windows 10. Wata mata mai kamfanin shirya tafiye-tafiye a jihar California ta kai ƙara cewa sauyin da ba ta nema ba ya gurgunta mata kwamfutar sana'a, aka yanke a biya ta dala 10,000, Microsoft ya janye ɗaukaka ƙara ya biya. A ƙarshen shekarar shugaban sashen tallansu, Chris Capossela, ya amsa a wata hira cewa a wannan karon sun wuce gona da iri.

Abin da mutane suka yi don kare kansu shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan. Wasu sun sa ƙananan manhajoji irin su Never10 don toshe tallan kawai. Amma da yawa hanya mafi sauƙi suka bi, suka kashe sabuntawa gaba ɗaya. To matsalar ita ce ta bututu ɗaya abubuwa biyu suke zuwa. Akwai sabuwar fuska, wadda ra'ayi ce, kana iya so kana iya ƙi. Akwai kuma faci, wato gyaran ɓarakar da aka gano a manhaja wadda ɓarawo zai iya shigowa ta cikinta. Wanda ya toshe bututun don gudun na farko ya hana kansa na biyu.

Ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ya fitar da wani faci na wata ɓaraka a hanyar da kwamfutoci ke musayar fayil a tsakaninsu. Bayan wata guda wasu masu kutse da ke kiran kansu Shadow Brokers suka watsa wani makamin kutse da aka sato daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, wanda ta wannan ɓarakar yake shiga. Ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017 aka wayi gari da WannaCry. Garkuwa take yi da fayilolinka, ta kulle su, ta nemi kuɗin fansa dala 300 da kuɗin intanet na Bitcoin, idan ka wuce kwana uku ya zama 600. Ba sai ka danna komai ba, da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Hukumar 'yan sandan Turai ta ce ta kama kwamfuta sama da 200,000 a ƙasashe 150. Kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa, allunan tashoshin jirgin ƙasa a Jamus suka koma nuna saƙon neman fansa. A Ingila abin ya faɗa kan asibitocin gwamnati: an soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, an karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya, daga baya gwamnati ta ƙiyasta asarar fam miliyan 92. Wani matashi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, shi ya lura cewa cutar tana neman wani adireshin intanet da babu mai shi, ya yi rajistarsa da kusan dala 11, sai yaɗuwar ta tsaya.

Da farko kowa XP ya zarga, tunda an daina yi masa faci tun 8 ga Afrilu 2014. Da aka bincika sai aka ga mafi yawan kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ne, wanda facinsa ya yi wata biyu yana jira ba a sa ba. Asibitoci suna da nasu dalilan, akwai na'urorin gwaji da aka ɗaure da tsohuwar manhaja, akwai kwamfutar da ba a iya kashewa ko na awa ɗaya. Amma a gidaje da ƙananan ofisoshi, anjimar nan ce dai.

Kar kuma a ce masu jin tsoron sabuntawa ba su da hujja. A watan Disamba 2017 Apple ya amsa cewa wata sabuntawa da ya fitar tana rage gudun tsofaffin iPhone idan batirinsu ya tsufa, don kar su riƙa mutuwa farat ɗaya, kuma bai gaya wa kowa ba a lokacin. Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020. A watan Oktoba 2018 wata babbar sabuntawar Windows 10 ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, sai da aka janye ta cikin 'yan kwanaki. Gaba kura, baya sayaki.

Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne a raba biyun. Faci na tsaro, wanda yawanci ƙarami ne kuma ba ya sauya maka wurin komai, ba a jinkirta shi. Babban sauyi mai sabuwar lamba da sabuwar fuska, babu laifi ka bari ya yi wasu makonni, masu gaggawa su fara cin karo da matsalolin, a gyara. Kafin ka hau ka kwafe hotunanka da takardunka a wani wuri, ka tabbatar manhajar da kake cin abinci da ita tana aiki a kan sabon, kuma a yanayinmu ka tabbatar da caji, don ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aikin tana iya kai ka wurin mai gyara.

Windows 11 ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, kuma Start ya sake tashi, wannan karon zuwa tsakiya. An yi ƙorafi, amma ba kamar na 2012 ba, domin an bar saitin da zai mayar da shi hagu. Rigimar ta koma wani wuri. Windows 11 yana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma injin da bai girmi wajen 2017 ko 2018 ba. Miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ƙalau ba su cika sharaɗin ba. A da mutum ne ke cewa ba zai hau ba, yanzu yana so ma an ce kwamfutarsa ba ta isa ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 aka daina yi wa Windows 10 faci na kowa da kowa, sai wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi na shekara guda, zuwa Oktoba 2026.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, don kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke sallama saboda wannan sharaɗin, irinsu ne ake lodawa a kawo kasuwanninmu a matsayin na hannu. Laftof irin HP EliteBook 840 G3, wadda ɗalibai ke so saboda ƙarfi da sauƙin kuɗi, injinta na ƙarni na shida ne, Windows 11 kuma daga na takwas yake farawa. Za ka iya ganinta a shago da Windows 11 a kai, domin akwai dabarar tsallake sharaɗin, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfutar faci ba. Idan za ka saya, ka duba lambar injin: i5-6300U ƙarni na shida ne, i5-8250U na takwas. A irin waɗannan injinan, lambar farko bayan ɗan layin ita ce ke gaya maka.

Masu iPhone kuma a watan Satumba 2025 suka karɓi iOS 26 da sabuwar fuska mai kama da gilashi, wadda ake hango abin da ke bayanta, kusan irin kwalliyar da Vista ya yi a 2007. Aka sake cewa rubutu ba ya karantuwa. Ba a yi wata biyu ba Apple ya fitar da iOS 26.1, da saitin da zai rage maka gilashin idan ba ka so.

A nan za mu tsaya. Ku faɗa mana wane Windows ne a kan kwamfutarku yanzu, da kuma ranar ƙarshe da kuka bari ta sauke faci. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.